Gurbi na Ƙarshe

"Ki sake duba takardar," in ji Lubor, yana buga tebur. "Hanzel. Timotej Hanzel."

Jami'ar rajistar gasar hokin ƙanƙara ba ta ko ɗago kai ba. "Na duba sau biyu, Malam. Sunaye ashirin da biyar, sun cika tun ƙarfe goma. Babu na ɗanka."

"To a cire wanda ya karye! Yaron yana asibiti, da sandar jinya zai yi hoki?"

"Wanda ya riga ya buga wasa ba a cire shi. Mai tsaron raga kaɗai ake sauyawa. Ɗanka gola ne?"

"Ɗan baya ne."

"To ka gani."

Lubor ya juya. Ɗansa Timo yana tsaye a bakin ƙofa, jakar kayansa a kafaɗa, sandunan hoki biyu a hannu. Da safe kocin 'yan ƙasa da shekara ashirin ya kira da kansa, ya ce ɗan bayansu ya karya ƙafa jiya, gurbi ɗaya ya rage, su taho. Lubor ya bar motar share ƙanƙarar da yake tuƙawa a hannun abokin aikinsa, suka kamo hanya daga yankinsu na Liptov, awa huɗu a kan titi mai santsi.

Ya tarar da Koci Belan a lungun ɗakin sa kaya, yana tauna cingam.

"Kai ka kira mu ko ba kai ba?"

"Ni ne. Lubor, saurara mana. Wasa biyu, ƙwallo ɗaya muka ci. Na wayi gari da shawara ɗaya, daga baya na sauya. Na sa Jurik, ɗan gaba."

"Wayarka ta mutu ne? Muna kan hanya ka cike gurbin, ka bar mu muna ta tuƙi kamar wawaye!"

"Na yi kuskure a nan."

"Kuskure? A watan Maris yaron nan zai cika ashirin. Baɗi babu shi a gasar nan, ka fi ni sani. Tun yana shekara biyar nake ɗaure masa takalmi hannuna na daskarewa!"

Timo yana tsaye a bayan mahaifinsa. Lubor ya fizgi jakar ɗansa. "Wuce mu tafi."

Timo bai saki igiyar ba. "Baba, zan zauna. An ce zan iya yin atisaye da su."

"Atisaye? Su yi maka wannan wulaƙancin, ka tsaya kana share musu ƙanƙara?"

"Abokaina ne."

Ƙarfe huɗu aka fara wasa da Switzerland. Lubor ya zauna a layin sama na kujerun 'yan kallo, kusa da ɗansa, hannuwa a harɗe, ko rigar sanyinsa bai cire ba. Duk ɗan bayan da ya zame sai ya yi tsaki. "Dubi wancan. Da kai ne, da tuni ka tare ɗan gabansu."

Timo ya ci gaba da kallon wasan.

Saura minti uku a tashi, ana kunnen doki, Jurik ya kuɓuce ta gefen hagu, ya ɗirka ƙwallo cikin raga ta sama. Zauren ya ɗauka da ihu. Timo ya yi tsalle yana kiran sunan Jurik har muryarsa ta dushe.

Sai a lokacin Lubor ya lura shi ma yana tsaye, hannuwansa biyu a sama. Ya sauke su, ya koma ya zauna.

"Sa'a ce kawai," ya ce.