Kafso Bakwai da Ƙwaryar Nono

Kwana uku ke nan Abibatu ta kasa zaune ta kasa tsaye. Mahaifinta Sumani, makiyayin da ya cinye shekarunsa yana bin shanu a dajin bayan Gurugu, yana kwance da ciwon haƙarƙari, numfashinsa sama-sama, jikinsa zafi rau. Ta karɓo masa magani a ɗakin shan magani na Sabonjida, kafso ashirin masu ruwan ɗorawa, huɗu a yini. Sha uku sun wuce cikinsa, amma zazzaɓin ko gezau.

A shekarar nan da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga ta Gana, ba abin da ba a faɗa a kasuwar Tamale. Wasu na cewa Turawa sun kwashe magungunan gaske sun tafi da su, sun bar wa mutane garin masara a cikin kwanso. Abibatu mai tallar nono ce, kuma mai talla ba ta rasa labari. Ta ji wannan a unguwar Moshi Zongo, ta sake jin sa a bakin masallaci, a karo na uku kuwa sai ya zauna mata daram a zuciya.

Rana ta huɗu da hantsi ta ƙulle kafso biyu a bakin zane don shaida, ta bar biyar a gefen tabarmar tsohon tare da ƙwaryar nononsa, ta kama hanya. Ko tallar ba ta ɗauka ba. Tafiya take tana shirya maganar da za ta gasa wa disfensan da ya ba ta maganin, ta rushe ta sake shiryawa.

Tahidu disfensa, wanda kowa ke kira Dokta, kuma bai taɓa hana kowa ba, yana wanke allura ta faɗo masa ba ko gaisuwar kirki. Ta kwance bakin zane ta zube kafson a kan tebur.

"Dokta, ka ji tsoron Allah. Gari ka ba ni na kai wa ubana?"

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi. "Mma, wannan tetarasaikilin ne, ba wanda ya fi shi a nan. Yaya kike ba shi?"

Nan fa Abibatu ta gyara tsayuwa, don an zo inda take da abin faɗa. Ta ce ita ba sakarya ba ce da za ta zuba wa tsoho magani a kan hanji ba komai. Nonon jar saniyarsu take tatsowa da ɗuminsa, wanda ko sarki ya aiko ba ta sayarwa, da shi yake haɗiye kowane kafso. In ya yi kukan ƙwannafi ta jiƙa masa kanwa. Har maganin ƙarin jini ta samo masa, cokali guda safe da yamma. Ta gama ta dube shi, tana jiran ya ji kunya.

Tahidu ya cire tabaransa ya ajiye.

"Mma, nono yana kama maganin nan. Tun a ciki yake riƙe shi, ya hana shi shiga jini, su fita tare. Kanwa haka, maganin jini haka. Kin ba shi abu uku, duka ukun suna tare hanya."

"Nono?" ta ce. "Nonon da muke rayuwa da shi?"

"Shi. Ba guba ba ne, zai sha abinsa, amma su yi nesa da juna. Kafso da ruwa zalla, kofi cike. Ya jira awa guda kafin ya taɓa nono. In ya riga ya sha nonon, awa biyu."

Ba ta da agogo, don haka ya kwatanta mata da inuwa. Ta roƙe shi ya ƙara mata wasu, ya buɗe kwalbar maganin ya nuna mata ba ko ɗaya a ciki. Lorin da ke kawo magani daga Kumasi sai Talata. Bakwai ɗin da suka rage su ne za su riƙe tsohon har ranar, in ba a ɓata ko ɗaya ba.

Sha uku ta ba shi da nono, da hannunta, tana yi masa sannu. Sai kuma gabanta ya faɗi: azahar, lokacin shan maganinsa, ta kusa, ga kafso ga ƙwarya ta bar masa a wuri ɗaya.

Ba ta san ta wuce Gurugu ba. Masu sayen nononta suna kira daga ƙofar gida, ba ta waiga ba. Takalminta ɗaya ya tsinke, ta cire ɗayan ta riƙe a hannu. Tana jin haushin Tahidu da bai faɗa mata tun farko ba, tana jin haushin 'yan kasuwa, amma duk inda haushin ya zaga kanta yake dawowa.

Ta tarar da shi ya jingina da bango, kafso a tafin hannu, ƙwarya a kan gwiwa. Jiranta yake, don ya fi son sha daga hannunta. Ta sunkuya ta ɗauke ƙwaryar, ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa masa.

Sumani ya dubi ruwan, ya dube ta. "Shanun sun mutu ne?"

"Suna nan, Baba."

"Abibatu, kina wata biyu uwarki ta rasu. Da nonon kakar saniyar nan na raine ki, da ɗan ludayi. Yau ni za ki ba ruwa?"

Ta durƙusa a gabansa, idonta ya cika, hannunta bai ja baya ba. "Ka sha, Baba. In inuwar bukka ta kai turken maraƙi, ni da kaina zan ba ka nonon."

Ya haɗiye, ya juya mata baya ya kwanta. Ta fito ta zauna a bakin ƙofa da ƙwaryar a cinya, ta rufe ta da faifai, tana jin tarinsa a bayanta. Tsakanin inuwar da turken akwai taku huɗu.