Uwar Minista Ba Ta Roƙo

Duk wanda ya karanta littafin Dokta Maharazu ya san mahaifiyarsa, ko da bai taɓa taka Bunkure ba. A shafin farko ya kafa ta hujja: tsohuwa mai gonar albasa, wadda tun da ya yi wayo ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe shi ko allura ba. Ya ce da talakawan ƙasar nan za su yi koyi da ita, su daina miƙa wa gwamnati hannu, su bar kasuwa ta yi aikinta, da tuni mun wuce Turai. Turawa suka karanta suka yi ta yaba masa.

Abin da Dokta bai rubuta musu ba shi ne, mahaifiyar tasa, Iyatu, ko "sannu" ba ta taɓa ce masa ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatana ce mai kunya. Ba ta kama sunansa, ba ta kallon idonsa, in ya shigo gida sai ta tuna tana da aiki a bayan ɗaki. In dole ta ambace shi, sai ta ce "na Ikko", don can yake zaune. Mutum mai digiri uku, ya dubi alkunyar uwarsa ya ga tsarin tattalin arziki.

Ranar da autanta Gidaɗo ya fassara mata shafin, ta ce, "Kai, tafi can da surutunku." Amma ta ji daɗi har cikin ranta, kuma ta sa an ajiye mata littafin a cikin kwalla tare da zannuwanta na fita.

Sai sojoji suka yi wa Dokta minista, ya samu damar gwada littafinsa a kan mutane. Cikin abubuwan da ya fara sokewa har da masu gadin ƙofofin ruwa, waɗanda ke buɗe wa kowane layi ruwa ranar da ta zo kansa. Ya ce ɓarnar albashi ce, manoma su daidaita tsakaninsu. Suka kuwa daidaita. Alhazan birni da suka kama filaye a bakin babban kanal, wato magudanar ruwan noman rani, suka jera buhunan yashi, suka karkata ruwan zuwa gonakinsu na alkama. Gonar Iyatu tana can ƙarshen layi, inda ruwa ke isa bayan kowa ya ƙoshi. Albasarta ta fara sa kai, daidai lokacin da ba ta jure ƙishi, kuma ita ce abincin gidan har damina. Bakin ganyen ya soma yin fari.

Mutanen ƙarshen layi suka tura Gidaɗo Ikko wajen yayansa. Ya dawo da sabon kwafin littafin, an sa masa hannu a ciki.

Ana haka sai aka ce minista zai zo da kansa ya ga yadda manoma ke shan daɗin 'yanci. Mai unguwa Ibrahimu ya tako har zauren Iyatu ya durƙusa.

"Inna, ke kaɗai kika rage mana. Ya ƙi jin ƙaninsa, ba zai ƙi jin wadda ta haife shi ba."

"Ni? A gaban mutane?" in ji Iyatu. "Ibrahimu, so kake in tsufa in zubar da abin da na riƙe tun ina yarinya?"

"Albasa ce ke mutuwa, Inna. Taki da tamu."

Da la'asar ta je gonar ta tsuguna, ta tura yatsa cikin ƙasa, yatsan ya ƙi shiga. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar mijinta.

Ranar taro aka kafa rumfuna a bakin babban kanal, aka saki ruwa ya cika taf har yana taɓa siminti, don kada idon minista ya sauka a kan abin da zai ɓata masa rai. Dokta ya fito cikin babbar riga fara, ya yi magana mai daɗi. Gaskiya ya iya magana. Ya ce gwamnati ba uwar kowa ba ce. Ya ce da mai neman ruwa da mai ruwa, in aka ƙyale su, za su samo hanya. Alhazan sahun gaba suka gyaɗa kai, don su sun riga sun samo tasu. Sannan ya nuna sashen mata.

"Ga mahaifiyata can. Ku tambaye ta, ta taɓa roƙona wani abu?"

Aka ɗauki tafi. Iyatu ta miƙe. Ta nemi wanda za ta ce wa "gaya wa wancan", ta ga Gidaɗo can baya, 'yan sanda sun tare shi. Babu kowa tsakaninta da ɗanta sai filin rana.

"Maharazu," ta ce.

Wata tsohuwa kusa da ita ta dafe ƙirji ta yi salati. Ita kanta Iyatu sai ta ji sunan baƙo a bakinta, ga shi kuwa ita ta yi naƙudar mai shi.

"Maharazu, ka mayar mana da masu gadin ƙofa. Na sama sun tare ruwa. Albasarmu za ta mutu."

Dokta ya sauko daga kan mumbari, idonsa ya kawo ƙwalla. Ba ƙarya yake ba, sunan ya taɓa shi. Ya durƙusa gabanta, masu hoto suka yi caa a kansu.

"Inna," ya ce da taushin murya, "in na sa baki yau saboda ke, gobe me zan ce wa uwar wani? Ku kafa ƙungiya, ku zauna da na sama. Amma ke ki bar min naki a hannuna."

Ya cika alkawari. Ba a jima ba mota ta sauke injin ban-ruwa sabo fil, ja, da dogon tiyo. Gidaɗo ya kai shi gona ya tsoma tiyon a ƙaramin kanal, inda babu komai sai busasshen taɓo da sawun awaki. An ce injin mai kyau ne ƙwarai.

Albasa ta ƙone a tsaye. Ƙungiya ta zauna da na sama sau ɗaya, aka sha shayi, aka yi addu'a. Maganar ruwa ta bi iska, amma maganar Iyatu ba ta mutu ba: a gidan suna, a bakin rijiya, sai a ce ai ita ce tsohuwar da ta kama sunan ɗan fari a gaban lasifika. Ta daina zuwa biki.

Bayan damina aka sake buga littafin, Dokta ya aiko wa gida da kwafi. Gidaɗo ya zauna a ƙofar ɗakinta yana juya shafin farko, gaba da baya.

"Karanta min wajen nan da ya yi maganata," in ji Iyatu.

"Babu shi, Inna. An cire."

Ta daɗe tana tsince tsakuwa daga cikin shinkafar da maƙwabta suka aiko mata.

"To," ta ce. "In ka samu mai tafiya, a gaya wa na Ikko an ga inji."