Gwajin Zaman Mota

Tun da aka tsayar da maganar tafiyar, teburin cin abinci ya zama na taswira. Abba ya shimfiɗa ta, ya danne gefunanta da kofuna, yara suka koma cin abinci a ƙasa. Shirinsa shi ne idan hutun makaranta ya zo su hau jirgi zuwa wata ƙasa, su ɗauki hayar mota, su riƙa bin ƙauyuka da gonaki a hankali. Umma ta ce ba ta ƙi ba, amma ya tuna yara uku zai ɗauka, ba buhuna ba.

Abba mai awon filaye ne, ba ya son shiga abin da bai gwada ba. Don haka ya yanke cewa kowace Asabar za su fita bayan gari su dawo, yara su saba da dogon zama a mota.

A fitar farko aka samu matsala. Babban yaron yana ta nuna shanu ta taga, Auta tana barci a kujerarta, sai ta tsakiyar, wadda ake kira Ƙyalƙyal saboda yawan dariyarta, ta yi shiru. Kafin Umma ta waiwaya yarinyar ta yi amai, ya wanke mata riga, ya gangara cikin kujera. Da suka dawo Abba ya daɗe a tsakar gida da bokiti da soso, rana tana dukansa, warin ya ƙi fita. Ƙyalƙyal ta zo ta tsaya kusa da shi tana kallo. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce in haka za a riƙa yi, to wanda ya sake amai gidan Gwaggo zai zauna har a je a dawo. Kafin kujerar ta bushe ya manta ya faɗa.

Asabar ta gaba lafiya lau aka je aka dawo, haka ma wadda ta biyo bayanta. Abba ya ji daɗi, ya riƙa tsokanar Umma cewa dabararsa ta yi aiki, ta zo ta ba shi lambar yabo. Ta ce ya bari tukuna a ga hanyar duwatsun da ya zana a taswira da jan biro, wadda take lanƙwasa kamar igiyar shanya da iska ta tsinke. Ya lura dai yarinyar ba ta cika magana a mota ba, sai ta jingina kai da gilashi ta rufe ido. Ya ɗauka barci ne.

Ran nan suka yi nisa fiye da kullum, suka tsaya a gindin wata bishiya a bakin gona don a miƙe ƙafa. Umma ta shiga canza wa Auta kaya, babban yaron ya ruga bin fara. Ƙyalƙyal ta sauko ta zauna a kan saiwa. Abba ya ga leɓenta ya bushe. Ya ɓare biskit ya miƙa mata, ta girgiza kai, ta ce sai sun koma gida. Ya ce ai ta san wannan ne wanda take so. Ta kalli biskit ɗin, ta haɗiye yawu, ta ce a ajiye mata.

Ya tsuguna a gabanta ya tambaye ta me ta ci da safe.

"Na ba Yaya nawa," in ji ta. "In babu komai a cikina, babu abin da zai fito."

Ya tambaye ta tun yaushe take haka. Ta ce duk ranar mota. Ta ƙara da cewa ruwa ma kaɗan take sha, kamar tana jiran ya yaba mata.

Abba ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tuna bokitin da soson, ya ji maganar da muryarsa, tsaf yadda ya faɗe ta. Umma ta riga ta iso bayansa da Auta a kafaɗa, ta ji komai. A hankali ta ce ita ma da laifinta, faranti yana dawowa wayam take murna, ba ta taɓa tambayar cikin wa ya shiga ba. Sannan ta dube shi.

"Abban yara, kai ka faɗa ka wuce. Ita a nan ta tsaya."

Ya riƙe hannun yarinyar ya gaya mata abin da ya faɗa ranar nan ba daidai ba ne, haushin wanki ne ya sa shi, kuma babu wanda za a bari a gidan Gwaggo. Tafiya da ita za a yi.

"Ko na yi?"

"Ko kin yi."

"Ko a motar mutanen can?"

Ya ce ko a motar hayar mutanen can, su ma suna da bokiti. Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana duban fuskarsa, sannan ta karɓi biskit ɗin ta ci, ta ci wani, Umma ta ba ta ayaba da ruwa. Da za su tashi Umma ta koma baya kusa da ita da leda a hannu, aka sauke gilashi.

Ba su kai rabin hanya ba amai ya zo mata. Ledar ta tare wani, sauran ya sauka a kan kujera da takalmin yayanta, wanda ya toshe hanci ya fara mita. Umma ta harare shi ya yi shiru. Abba ya gangara gefen titi ya tsaya. Da ya buɗe ƙofar baya warin ya buge shi, ya ji fuskarsa tana shirin ɓaci da kanta. Sai ya ga idon yarinyar a kansa, ko bakinta ba ta goge ba, shi kawai take kallo. Ya saki fuskar. Ya ciro hankicinsa ya share mata baki da haɓa, ya ce sannu, ta kurkure. Ya goge kujerar da tsumman gilashi gwargwadon yadda zai iya, ya wanke wa yaron takalmi da sauran ruwan gora.

Suka ci gaba a hankali, manyan motoci suna ta wuce su. Abba yana tuƙi yana lissafa a ransa Asabar nawa yarinyar nan ta wuni da yunwa yana gaba yana yabon kansa, lissafin ya ƙi yi masa daɗi. Sun fara hango gidajen gari sai ya ji muryarta daga baya, a shaƙe.

"Abba, in za mu tafi, jakar makaranta zan ɗauka ko za a ba ni akwati?"

Ya ce akwati, kuma ita za ta zaɓi abin da za a zuba a ciki.