Sharar Kufai

Da Inna ta ji za a turo masu tonon kayan tarihi su duba kufansu kafin a gina rukunin gidaje a wurin, sai ta ji sanyi a ranta. An ce in suka samu abin da ya tsufa sosai, dole a dakatar da ginin. Ita kuwa ba tarihi ne ya dame ta ba. Ɗanta na fari, wanda ko yaye bai kai ba, yana kwance a kabarinsa a bayan inda ɗakinta yake a da.

Amma Inna mace ce mai gudun abin kunya. Baƙi masu ilimi su zo su tarar da garinsu kaca-kaca da tsingaro? Ina! Ta ɗauki tsintsiya da kwando ta tsallaka titi. Kwana da kwanaki tana duƙe, bayanta na ciwo, tana tsince fasassun tukwane tana zubarwa a kwazazzabo, har wurin ya yi fes.

Masu tonon suka iso da igiya da rariya. Suka jera suna tafiya a hankali, ido a ƙasa. Suka haƙa 'yan ramuka nan da can, suka tankaɗe ƙasar, suka mayar.

Shugabarsu, wata matashiya mai faffaɗar hula, ta zo ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, ba mu samu komai ba. Mu inda muka ga tsingaro ya taru a sama, nan muke haƙawa. Nan kuwa ko ɗaya babu, sai ka ce an share."

Inna ta miƙe. Ta ce, "Jira ni, 'yar nan."

Ta gangara kwazazzabon da ƙyar, ta ciko zanenta da tsingaron, ta zo ta juye a gabanta. Matashiyar ta ɗauki guda mai zane a baki, ta daɗe tana juya shi.

"Wannan ya girmi kakannin kakanninki. Daga ina aka ɗauke shi?"

Inna ta waiga. Fili ne fetal, ko'ina iri ɗaya.

"In ya bar inda yake, Inna, ba ya zama shaida. Ki yi haƙuri."

Inna ta kakkaɓe zanenta ta koma gida. Ranar da katafila ta shigo, tana tsaye a bakin titi, ta ga wucewarta ta kan bayan ɗakin.