Inna Dije da Angonta na Zariya

"Zuwaira! Ki turo min angona, ko ko in taso da kaina!"

Muryar Inna Dije ce ta tsallako katanga, ta sami Zuwaira a tsakar gida tana tankaɗen garin gero. Tsohuwar ta kwana biyu a kwance, ƙafafunta sun kumbura har ba ta iya taka su, amma muryar nan da ta saba cin kasuwar Illela da ta Konni ba ta rage komai ba.

Zuwaira ta ajiye rariya, ta dubi ɗakin da ɗanta Halliru yake kwance. Ba ta kira shi ba. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Sai ta ɗaga murya kamar da iska take magana.

"Ana kiran wani a maƙwabta."

Halliru ya fito yana jan takalmi. A daminar nan ta 1964 ya dawo hutu daga jami'ar Zariya, inda ya shekara yana karatun aikin gona, shi ne na farko a unguwarsu da ya kai can. Amma ya dawo ba fara'a, kuma ranar da ya sauka ya gaya wa mahaifinsa, Malam Lawali, cewa ba zai koma ba. Malam, mai makaranta a zauren gidansa, bai tambayi dalili ba. Cewa ya yi alhamdu lillahi, da ma ɗalibai sun yi masa yawa. Zuwaira ta ji komai daga bakin ƙofa, abin ya tsaya mata a rai, amma uwa ba ta tsoma baki a zancen ɗan fari. Da ma can Inna Dije ce bakinta. Ita ta goya yaron, ita take kiransa ango irin wasan kaka da jika, ita kuma ta zaunar da Malam tun shekarun baya har ya yarda aka kai shi makarantar Sakkwato.

Zuwaira ta ɗauki kwanon kunu don ta sami hujja, ta bi bayansa ta ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu.

Inna Dije tana jingine da matashi a kan gadon kara, kewaye da tasoshi da ƙullin atamfofin da ta kan sayo daga Konni. Surukarta Raliya tana yi mata fifita.

"Kai ango, haka aka yi? Amarya na kwance, kai kana ɓoyo kamar wanda yas saci akuya? Zauna nan. Mi yak koro ka daga Zariya?"

"Ba komi, Inna. Karatun ne ba ni so."

"Ƙarya kaka yi. Kai da ka karanta har rubutun jikin buhun gishiri? Dube ni."

Halliru ya dubi Raliya, ya dubi ƙofa inda uwarsa ta tsaya tana juya kunu kamar ba ta jin su. Ya sunkuyar da kai.

"Jarrabawa ce. Na ci sauran duka, amma kemistiri ya kada ni."

"Hamisu wa? Ɗan wane gari ne?"

Raliya ta tuntsire da dariya har mafici ya faɗi. Halliru ma bai san lokacin da ya yi murmushi ba. Ya bayyana mata cewa ba mutum ba ne, fanni ne na sanin yadda abubuwa suke haɗuwa, taki da ƙasa da ruwa. An ce ya dawo kafin a buɗe makaranta ya sake zama, in ya ci ya wuce, in ya faɗi shi ke nan. Sauran ɗaliban sun fito daga manyan makarantu, sun saba da kwalabe da ma'auni, shi kuwa sai a can ya fara taɓa su da hannunsa.

"Ba ka da aboki da ya iya?"

"Akwai wani ɗan Kabba, Bamidele, ɗakinmu guda. Ya ce in zo mu riƙa yi tare. Kunya nij ji."

"Kunya!" Inna Dije ta tafa hannu. "Bari in ba ka labari. Da nif fara tsallaka iyaka, wani ɗan banza ya koya min gaisuwar Faransanci. Kullum in na zo wurin duwan, masu duba kaya, sai in rusuna in faɗa ma babbansu, shi ko ya yi ta harara ta. Ashe cewa nika yi, kai jaki ne! Ran da anka gaya min, kasuwa duka ta yi min dariya. Na bar zuwa? Washegari nik koma, na ce masa to yanzu kai ka koya min ta gaskiya. Har ya bar Konni muna mutunci."

Dariya ta sa ta tari mai tsawo. Zuwaira ta matso da sauri ta ba ta ruwa. Da numfashinta ya daidaita, ta kama hannun rigar Halliru.

"Malamin asibiti ya ba ni ƙwaya, ba ta sa ni barci. Kai za ka riƙa zuwa kullum da hantsi da littafin Hamisun ga, ka karanta min da ƙarfi. In bai sa ni barci ba, babu abin da za shi sa ni."

Haka kuwa aka yi. Kullum da hantsi Halliru yakan shigo da littafi mai kauri, ya zauna a kan buzu ya yi ta karantawa. Inna Dije ba ta taɓa yin barcin ba. Da ya yi layi kaɗan sai ta tsayar da shi, ta ce ya faɗa mata da Hausa. In ya yi ta kame-kame, ta ce, "Kai ma ba ka gane ba, koma." Wata rana har ta sa Raliya ta kawo kanwa da ruwan tsamiya, ya haɗa su a ƙoƙo, suka yi kumfa, ya bayyana dalili. Matan unguwa masu zuwa dubiya suka mayar da ɗakin wurin hira, kowa ta shigo sai ta tambaya yau ina aka kwana da Hamisu. Zuwaira kan zauna a bakin ƙofa da tsintar wake, kanta a ƙasa. Ta lura muryar yaron ta daina rawa, kuma da yamma ma takan ji shi a ɗakinsa yana maimaitawa shi kaɗai.

Jikin tsohuwar kuwa kullum baya yake yi. Kumburin ya hau har gwiwa, abinci ya koma kunu kawai, shi ma kurɓa kaɗan.

Wata la'asar Malam Lawali ya shigo dubiya. Mata suka ja gefe, Zuwaira ta koma bayan ƙofa. Ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Zai miƙe Inna Dije ta ce, "Lawali, zauna. Yau ba malam nika magana da shi ba, yaron da nis sani ba wando."

Malam ya yi murmushi ya koma ya zauna.

"Shekarar da mahaifinka ya aika ka Gwandu karatu, ba ka gudo ba?"

"Inna, wanga tsohon zance."

"Ka gudo ko ba ka gudo ba?"

"Na gudo. Nahawu ne ya gagare ni." Ya shafa gemu yana dariya. "Ko ruwa marigayi bai bari na sha ba, ya juya ni."

"To, ga naka ya gudo."

Malam ya daina dariya. Zuwaira ta damƙe bakin zanenta a bayan ƙofa.

"Inna, makarantar ga tana son mai riƙe ta bayana."

"Kai da sauranka, ni at tsohuwa. Kuma ga ƙannensa na tasowa. Bara tsutsa ta cinye geron mutanen Araba, sunka zo suna kuka, ka yi musu addu'a. A samu kuma ɗan gida wanda ya san tsutsar."

"Ni ban hana shi ba," in ji Malam a hankali. "Shi yac ce ba shi so."

Duk aka juya wajen Halliru. Ya durƙusa, littafin yana hannunsa.

"Baba, tsoro ne ya sa nif faɗi haka. Ina so in koma, in ka yarda."

Malam ya dube shi. Daga nan ya miƙa hannu ya karɓi littafin, ya juya shi, ya duba zanen da ke ciki, ya mayar masa.

"In ka koma, ka riƙe salla, ka riƙe tambaya. Allah shi ba da sa'a."

"Amin!" Inna Dije ta faɗa da ƙarfin da ya ba kowa mamaki. "Raliya, yi guɗa, ni numfashi ba shi isa ta."

Daga kan gado ta shirya masa guzuri. Ta aika aka sayo kilishi da dabino, da cukun Buzaye daga Konni, aka daka yaji. Ta sa aka ƙulle wani cukun daban, ta ce na ɗan Kabba ne, ya kai masa tun kafin ya ajiye akwati, ya ce masa ga ɗalibi ya zo.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, motar Idi direba za ta tashi zuwa Sakkwato. Halliru ya shigo sallama, ya ga yadda idanunta suka faɗa, sai ya kasa tashi.

"Inna, ko in bari sai mako mai zuwa?"

"Ka tsaya ka yi min mi? Kallo? Tashi, ba ni son ango shi gan ni ba kwalliya." Ta ɗora hannu a kansa, muryarta ta sauka. "Na yafe maka duk fitsarin da kay yi min a baya. Tafi."

Ya fita yana dariya yana share ido. A tsakar gida ya durƙusa wa uwarsa. Zuwaira ta dubi gefe ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," ta tura masa ƙullin ƙuli-ƙuli a bakin tabarma kamar ba ita ta kwana biyu tana yinsa ba.

Inna Dije ba ta kai wata Lahadin ba. Ranar da za ta rasu an tashi da yayyafi, gari ya yi sanyi. Ta sha kunu, ta sa Raliya ta ɗaura mata sabon kallabi, ta tambaya ko ruwan ya kai gonakin Tozai. Zuwaira tana zaune tana matsa mata ƙafa.

"Zuwaira, yanzu ya isa ko?"

"Ya isa, Inna. Idi ya ce da idonsa ya ga ya shiga motar Gusau."

"Madalla. Ke kuma ki riƙa buɗe baki kaɗan. Ba kullum nika nan ba."

Ta rufe ido kamar mai gyangyaɗi. Da Zuwaira ta ga leɓunanta suna motsi, ta matso kusa tana karanta kalmar shahada, tsohuwar tana bi. Kafin azahar ta cika.

Jana'izarta ta tara mutane har daga tsallaken iyaka. Matan Konni suka zo da ƙafa cikin laka, da ƙorai a ka. A wurin zaman makoki a kan fara da kuka, sai wata ta tuno wani abu da marigayiya ta taɓa yi, a ɓuge da dariya ana toshe baki da mayafi.

Da yamma Malam ya ce zai aika a gaya wa Halliru ya zo. Zuwaira tana ajiye masa tuwo, sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, da an bari ya zauna jarrabawar tukuna. Ita ma haka za ta ce."

Ya ɗago ya dube ta, ya gyaɗa kai. Sai bayan jarrabawar aka aika masa.

Ranar sadakar arba'in a gidan Malam aka yi suyar masa, don nan tsakar gida ta fi faɗi. Gero ya nuna, ana jin ƙanshin sabon hatsi ko'ina. Zuwaira tana gaban tanda, Raliya tana kwashewa a faifai, sai suka ji gyaran muryar Malam daga bakin zaure.

"Idi ya zo da saƙo daga Zariya. Yaron ya ci, ya wuce aji na gaba. Ya ce an yi ma Inna addu'a masallacin makarantarsu, abokin nan nasa ma ya aiko da ta'aziyya."

Raliya ta saki faifai ta rangaɗa guɗa, mata suka ɗauka, waɗansu suna kuka a ciki. Zuwaira ba ta ɗago kai ba.

"To, madalla," ta ce, kamar labarin ɗan wani aka ba ta.

Ta ɗebo ƙullu a ludayi ta cika guraben tanda ɗaya bayan ɗaya. Man ya yi ƙara, gefen masar ya fara yin ja. Ta ja bakin mayafinta ta rufe rabin fuska, wai hayaƙi ne ya dame ta, ta ci gaba da juyawa.