Filaskon Mai Agogo

"Inna, ajiye kofin nan. Don girman Allah ajiye shi."

Uwar Tagwaye ta tsaya cak a ƙofar ɗakinta, kofin yana tururi a hannunta. Ta dubi 'Yar Kemis sama da ƙasa kamar yau ta fara ganinta, alhali shekara tara ɗakunansu na kallon juna a gidan hayar nan, famfo ɗaya suke tara, igiyar shanya ɗaya suke faɗa a kanta.

"Ke kuma lafiya da sassafe? Filasko ne fa, ba guba ba."

"Na sani, tun daga ɗakina na ji warinsa. Kwana nawa rabon Baba da bayan gida?"

"Ji min yarinya! A tsakar gida za ki yi min wannan tambayar?"

"Kwana biyar," in ji wata murya daga bayan labule. "Shigo, Likita. Tunda kin fara tona min asiri, zo ki ƙarasa."

Mai Agogo ne, mijin Uwar Tagwaye. Shi ne yake kiranta Likita, don tsokana, saboda tana aiki a kantin magani. Yana kwance ya jingina da filo biyu, siririn mutum, amma cikinsa ya taso ƙarƙashin riga kamar an hura shi da famfon taya. A gefen gado akwai roba an rufe ta da tsohon zane.

Duk layin an san shi. Shekara talatin yana zaune kan ɗan benci a bakin titi, gilashi maƙale a ido, yana gyaran agogo, yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki. Ba ya shan ruwa da rana, wai don kada fitsari ya tashe shi daga teburi mai kawo gyara ya zo bai same shi ba. Burodi da shayi da safe, burodi da shayi da yamma. Da ciki ya fara ɗaure masa, wani ya nuna masa ganyen filasko. Da farko ɗan tsunkule ne ranar hutu. Daga baya ya koma duk bayan kwana biyu. Yanzu shekara ta kai goma sai an dafa masa cikin tafi guda kullum, in ba haka ba hanjin ko motsi. Kuma babu wanda ya taɓa ganin abin damuwa a ciki. Ganye ne ai. A gidan nan, da zarar an ce ganye ne, to an gama tunani.

"Baba, iska fa? Tana fita?"

"Kai! Har ita ma sai na ba ki rahoto?" Ya yi dariya, dariyar ta katse, ya dafe ciki. "Tun shekaranjiya ta yi yaji."

"Amai?"

"Sau biyu," in ji matarsa, murya ƙasa-ƙasa. "Kore-kore."

A kantin su 'Yar Kemis ma ana sayar da wannan ganyen, a niƙe, cikin kwali, kuma ta haddace abin da aka rubuta a jiki: kada a wuce mako guda ana sha, kada mai ciwon ciki ko amai ko kumburi ya taɓa shi.

"Inna, saurare ni. Filasko ba laushi yake sawa ba, bulala ce, hanji yake zanewa ya yi ta matsa. In hanya a buɗe take, shi ke nan. In ta toshe, dukan banza yake yi har wani wuri ya yage. Baba ba taurin bayan gida kawai yake fama da shi ba. Asibiti za mu, yanzu."

Uwar Tagwaye ta dubi kofin, ta dubi mijinta. Ta fita ta tuttular da shi a magudana, ta dawo ta ciro ledar ganyen daga bayan kwanuka ta danƙa mata. "Ungo, tafi da shi. Amma zancen asibiti sai Yaya ya zo."

Sai da hantsi ya dubi ludayi yayan Mai Agogo ya iso. Tsohon direban bas ne, mai faɗin kafaɗa, wanda bai saba a yi masa gardama ba ko a kan titi. Ya saurari bayanin a tsaye, yana kaɗa makulli a yatsa.

"Mu je asibiti mu ce me? Mu ce dattijo mai jikoki ya kasa zagayawa? Su kwantar da shi, yara 'yan mata su yi ta leƙa shi? Bututu ne ya cushe. A ƙara masa ƙarfi ya wuce."

"In bututun ya fashe fa, Kawu?"

"Ke fa kanti kike tsaro, ba likita ba ce."

"Ai shi ya sa nake cewa a kai shi wurin likitan!"

Mai Kitso da ke zaune a ƙofarta ta tuntsire da dariya. "Boko ya motsa! Mu da muka girma da filasko, ga mu nan ba mu mutu ba."

Abin da aka iya cimma ke nan bayan an kusa awa ana ja-in-ja: ba za a ƙara ba shi komai ba, in gobe da safe babu sauyi, a tafi. Gobe! Kamar hanjin mutum yana zaman jiran a gama shawara. 'Yar Kemis ta tafi aiki a makare, ledar ganyen a jakarta, tana lallashin kanta cewa ko ba komai ta raba shi da bulalar.

Da la'asar ta dawo ta tarar da takalma jere a ƙofar ɗakin. Labari ya zaga layi, 'yan dubiya sun yi ta zuwa, wannan ya fita wancan ya shiga. Uwar Tagwaye tana can kicin ɗin gidan tana fama da risho.

"Inna, ba ki ba shi ba dai ko?"

"Wallahi ko ɗigo. Ni yau ma ban zauna ɗakin ba, jama'a sun ɗauke min jinya, Allah ya saka musu."

"Ya jikin?"

"Murɗa ce ta ƙaru. In ta taso har gadon yake riƙewa. Yaya ya ce alamar hanya za ta buɗe ke nan."

'Yar Kemis ta sake roƙo a tafi. Aka ce ai an yi magana, gobe. Ta kira tagwayen a waya, suna wani gari wurin aiki, suka ce duk abin da Kawu ya yanke shi ne.

Washegari da safe ta fito ta tarar da gidan cikin fara'a. Yaya yana zaune kan kujera a tsakar gida, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ina likitar? Zo ki gani. Murɗar ta tsaya cak tun ɗazu. Da mun bi taki da yanzu an farke shi a banza."

Ta shiga. Mai Agogo yana kwance lamo, gumi ya tsattsafo masa a goshi, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Ta kama hannunsa, sanyi ƙalau, jijiyar tana bugawa da sauri kamar ta ɗan tsuntsu. Ta taɓa cikin, ya yi tauri kamar katako, ya zabura.

Ta fita titi da silifas, ta tsaya tsakiyar hanya ta tare tasi, ta sa direban ya yo baya har bakin ƙofa.

"Wa ya ba ki izini?" Yaya ya miƙe. "Ƙanina ne ko naki?"

"Naka ne, Kawu. Ka zage ni a mota, ka kama masa ƙafa."

"Yaya," in ji Mai Agogo da ƙyar, "bari in bi ta. In ba haka ba yarinyar nan sai ta tara mana layi."

A cikin motar kansa yana kan cinyar matarsa, kowane rami sai ya runtse ido. Da suka tsaya a danja ya juyo ya dubi 'Yar Kemis.

"Likita, kada ki riƙe kowa a rai. Mutum ya taso takanas ya zo duba ka, ai ba ka iya mayar masa da hannu."

"Baba, yi shiru, ka adana ƙarfinka."

Likitan da ya duba shi bai ɗau lokaci ba. Ya ce hanji ne ya murɗe ya toshe, kuma ya riga ya yage, tsayawar ciwon nan ba sauƙi ba ne. Ya tambaya ko an ba shi maganin wankin ciki.

"Tun jiya da safe muka daina," in ji Uwar Tagwaye.

Likitan ya ɗaga kai ya dube ta, ya mayar kan takarda. Aka sa masa ruwa, aka shiga shirin tiyata. Kafin azahar, ana tura gadonsa a baranda, Mai Agogo ya cika.

Kwana biyu gidan cike da masu gaisuwa. "Kwana ne ya ƙare." "Lokaci in ya yi babu makawa." Wani ma har cewa ya yi asibitin ne bai karɓe shi ba. 'Yar Kemis tana raba ruwa. Ta san kwana yana ƙarewa. Amma ta kasa gane dalilin da ya sa kullum sai an ce gobe, sannan a zo a jingina wa Allah abin da aka yi da hannu. Abu ɗaya kuma ya hana ta sakat: ta ɗauke ganyen, to me ya ci gaba da dukan hanjin nan wuni guda?

A rana ta uku da rana, da mutane suka ragu, Uwar Tagwaye ta kira ta. "Zo ki kama min gadon nan, in share ƙasansa."

Suka ja shi gefe. Can jikin bango, inda hannun mai kwance zai iya kaiwa, kofuna ne guda shida a jere. Kowanne da busasshen ganyen filasko manne a gindinsa, da zoben ruwan ɗorawa a ciki.

"Waɗannan ba nawa ba ne," in ji Uwar Tagwaye.

'Yar Kemis ta durƙusa. Ta gane shuɗin kofin Mai Kitso mai tsagaggen baki. Ta gane murfin filas ɗin kafintan ɗakin ƙarshe. Ta gane ƙaton kofin silba na Yaya, wanda yake yawo da shi tun yana tuƙi.

Uwar Tagwaye ta zauna daɓas a kan katifa. "Kowa ya shigo sai ya ce min, je ki huta, ni zan zauna da shi." Ta ɗauki kofin silbar tana jujjuya shi. "Shi kuwa ko ruwan sanyi ka miƙa masa, sai ya shanye ya yi godiya."

'Yar Kemis ta dubi fuskar matar, ta fara tattara kofunan.

Suka kwashi kofunan zuwa famfo. Ɗaya tana cuɗawa, ɗaya tana ɗaurayewa. Suka kife su a kan ɗan dakalin da ke gefen famfon, inda ake ajiye kayan da aka ara don mai shi ya ɗauka.

Har rana ta karkata mutanen gidan suna zuwa ɗibar ruwa. Kowa ya tara bokitinsa, ya zuba wa bakin famfon ido har ya cika, ya ɗauka ya wuce. Kofunan suka bushe a wurin.