Ƙunshin Inna Luba

Tun da ta idar da azahar Mansura ba ta sake tashi daga kujerarta ba. Ita ce jami'ar shige da fice da aka ɗora a teburin mata a ƙaramin filin jirgin da ke bayan Gusau, kuma ranar ce jirgin ƙarshe na maniyyata zai tashi zuwa Madina. Aikin ba wani mai wuya ba ne. Za ta karɓi fasfo, ta dubi hoto ta dubi fuska, matafiyiya ta ɗora yatsa a kan ɗan gilashin na'ura, in fitila ta yi kore sai ta buga hatimi. Sai dai ta yi haka sau ɗari da wani abu, wuyan hannunta ya yi tsami, fankar da ke samanta kuwa iska mai zafi kawai take juyawa. Kwana tara ke nan rabonta da cin abincin rana a gidanta na Tudun Wada.

Wajen ƙarfe huɗu layi ya kawo matan Bungudu. Ta gabansu wata tsohuwa ce siririya daga wata ruga kusa da Kekun Waje. Fasfonta ya ce Lubabatu, matan bayanta kuwa Inna Luba suke ce mata. Da ɓacin rai ta iso, domin 'yan kwastan sun riga sun zazzage jakarta a ƙofa, sun cire goro da kwalbar man shanu. Ba a tambaye ta ba ta shiga ba Mansura labari, wai man nan ita ta kaɗa shi da kanta, yanzu da me za ta ci abincin Larabawa? Mansura ta ba ta haƙuri ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce ta kawo yatsa.

Inna Luba ta fiddo hannun dama daga cikin hijabi. Ƙunshi ne tun daga farce har wuyan hannu, ya kama ya wuce ja ya koma baƙi-baƙi, kai ka ce a rini aka tsoma hannun. Ta ɗora babban yatsa, fitila ta yi ja. Ta ɗora manuni, ja. Haka suka bi yatsu biyar ɗaya bayan ɗaya. Mansura ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta ɗiga wa tsohuwar man wanke hannu ta murza da auduga, audugar ta yi ja, yatsan yana nan yadda yake.

Matar da ke bayan Inna Luba, wata kakkaura mai suna Binta, ta leƙo tana alfahari. Ta ce ita ce ta ƙunsa mata, har sau uku, don a wajensu duk babbar da za ta Makka haka maƙwabta suke yi mata, kowace ta kawo lallenta a haɗa. Ta ce ba laifin hannu ba ne.

"Na'urar taku ta ba ta da ido, yarinya."

Mansura ta ɗaga hannu ta kira shugabanta, Malam Dalhatu. Ya zo yana jan ƙafa, shi tun asuba yake tsaye. Ya dubi hannun ya girgiza kai, ya ce ai sai da aka yi ta faɗa a wajen bita kada mata su yi lalle. Inna Luba ta ce bitar ƙarshe ba ta je ba, saniyarta ce ke kwance. Ya yi mata bayani a hankali cewa in babu yatsan da na'ura ta gane ba su da ikon buga hatimi, kuma ko sun rufe ido sun bar ta, can ma yatsan za a nema, su juyo da ita. Lalle irin wannan sai ya yi mako uku bai saki ba, bayan wannan jirgin kuwa babu wani.

Tsohuwar ta waiwaya wajen gilashin da ya raba zauren biyu. Ɗanta Attahiru, wanda zai raka ta, ya riga ya wuce ta teburin maza, yana tsaye can da jakarsa a kafaɗa yana tambayarta da hannu ko lafiya. Wanda ya wuce ba ya dawowa.

Malam Dalhatu ya ce a gwada na hagu, in bai yi ba ta koma gefe, layi na jira. Ya wuce teburin maza.

Inna Luba ta ƙara cusa hannun hagu cikin hijabi. Ta ce ita ba a haife ta ta miƙa wa mutum hagu ba, balle hukuma, balle a hanyar ɗakin Allah. Mansura ta ce ba ita za a miƙa wa ba, gilashi ne. Tsohuwar ta ce duk ɗaya ne. Mansura ta dube ta sosai a karon farko, sai ta ga tsohuwar ba ita take kallo ba, Binta take satar kallo ta wutsiyar ido.

Ta jawo na'urar zuwa bakin tebur, ta rage murya.

"Inna, mene ne a hannun?"

"Ɗiyata, kunya ta. Saniyar nan mutuwa ta yi, ta bar ɗan maraƙi. Ba shi shan nono ga ƙwarya sai na tsoma yatsuna shi tsotsa. To in sunka ƙunsa mini sunka tahi, sai in kwance yatsu biyun ga. Mata takwas sunka kawo lallensu, in nuna musu mi?"

"Ki nuna wa gilashi kawai, zan tare miki."

Mansura ta miƙe tsaye, ƙafafunta duk sun yi nauyi, ta buɗe fasfon ta kare na'urar da shi. Hannun ya fito a hankali. Yatsu uku baƙi ƙirin, manuni da na tsakiya kuwa fes, fatarsu har ta yi laushi saboda tsotso. Inna Luba ta yi bisimilla ta ɗora manuni. Na'urar ta ɗan yi jinkiri, sannan fitila ta yi kore.

Fasfo bai kai faɗin da zai kare Binta ba. Ta riga ta miƙo wuya ta gani.

"Au, Inna. Ashe wahalarmu maraƙi anka ba."

"Shi dai ya hisshe ni," in ji Inna Luba, ba ta waiwayo ba.

Mansura ta buga hatimi ta miƙa mata fasfon. Tsohuwar ta karɓa da dama, ta mayar da hagun cikin hijabi, ta sa mata albarka, ta ce za ta ambaci sunanta a can in ta faɗa mata shi. Mansura ta faɗa. Tsohuwar ta maimaita sau biyu don kada ya ɓace mata, ta nufi ƙofar da Attahiru yake jira.

Mansura ta zauna. Binta ta ajiye fasfonta a tebur tana ta mita, ta ce nata ƙunshin sau ɗaya ne kuma ya kwana biyu, in na'urar ta ƙi shi to da gangan ne. Mansura ta dubi layin, saura mata goma sha bakwai, kowace hannunta cikin hijabi. Ta yago sabuwar auduga, ta ce wa Binta ta kawo yatsa.